Farcen Baba da Allurar Daimon: Littafin Awon Kaushi a Shagonmu

4 ga Nuwamba

Homar Alhaji ta dawo. Wata biyu ke nan da muka yi wa bulok ɗin injinta borin, wato faɗaɗa ramukan silinda, aka sa fistin da ringi sababbi, yau ga ta a ƙofar shago tana ta tsuga shuɗin hayaƙi. Direban ya ce Kano zuwa Abuja, zuwa da dawowa, sai ya ƙara mata baƙin mai. Makaniki ya ce aikinmu ne bai yi ba. Mu muka ce ringin ne jabu. Mai ringi ya rantse kayansa masu kyau ne. Aka yi ta ja-in-ja har la'asar, kowa da bakinsa, babu mai hujja a hannu.

Faɗin silinda muna iya auna shi, kaurin karanshaf ma haka. Abin da ba mu taɓa aunawa ba shi ne fatar ƙarfen kanta: kaushinta da santsinta. Wannan tun da aka buɗe shagon farcen Baba ne alƙali. Zai ja babban yatsa a kan ƙarfe, ya ɗan lumshe ido, ya ce ya yi ko bai yi ba, magana ta ƙare.

Maigida dai ya gaji. Ya sa aka nemo masa na'urar awon kaushi ta hannu, Mitutoyo SJ-210, ya miƙa mini da akwatinta ya ce, "Kai ne ka yi boko, sai ka gaya mana wa ke da gaskiya." Na karɓa gabana na faɗuwa, don na san idan gaskiyar ta fito ba lallai ta yi mana daɗi ba. Zan riƙa rubuta abin da na samu a nan.

6 ga Nuwamba

Kwana biyu ina fama da littafinta. Aikinta bai da wuyar ganewa. Akwai wata 'yar allura mai kan daimon, tamu tsininta maikiron 5 ne (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita; gashin kan mutum yana kai wa maikiron 70 ko kusa da haka, sai a kwatanta). Na'urar tana jan allurar a hankali a kan ƙarfe, rabin milimita a daƙiƙa, tana hawa tana sauka kamar mai tsallaka kunyoyin gona, ita kuma tana rubuta tudu da kwarin da ta bi. A gefen allurar akwai wani ɗan takalmi da yake zamewa a kan ƙarfen, da shi ake gwada hawa da saukar. Wannan takalmin na ɗauka ba komai ba ne.

Lambar da kowa ya sani ita ce Ra: a ja layi a tsakiyar tudu da kwari, a ɗauki matsakaicin nisan da fatar ta kauce wa layin. Sai Rz, mai duba tazarar ƙololuwa da ƙasan rami a kowane yanki. Ga yawancin aikinmu, wato Ra daga maikiron 0.1 zuwa 2, ƙa'ida ta ce a yanka tafiyar gida biyar, kowane milimita 0.8, jimilla milimita 4. Wannan 0.8 ɗin rariya ce. Duk wani lanƙwasa da ya fi ta tsawo sai ta tankaɗe shi gefe, ta ce wannan ba kaushi ba ne, igiya ce.

Ashe abin ma ya tsufa. Tun farkon shekarun 1940 kamfanin Taylor Hobson na Lesta a Ingila ya fitar da irin wannan na'ura mai suna Talysurf. Mu sai bana ta iso layinmu.

A cikin akwatin akwai ɗan farantin gwaji da aka rubuta wa Ra 2.97. Na auna sau uku: 2.95, 2.98, 2.96. Na'urar lafiyarta ƙalau.

11 ga Nuwamba

Yau muka yi gasa. Na jera kawunan inji biyar da muka share fuskarsu a makon nan, na ce, "Baba, a taimaka a jera mana su daga mai kaushi zuwa mai santsi." Ya harare ni ya ce, "Ɗan nan, ni za ka yi wa jarrabawa?" Amma ya tashi. Bai yi minti biyu ba ya jera su. Na bi da allura ɗaya bayan ɗaya, kusan rabin awa. Uku ya dace daidai, na biyar da na huɗu ne kawai suka sauya wuri, tsakaninsu kuwa bai wuce maikiron 0.1 ba. Yaran shago suka kaure da shewa. Baba bai ce uffan ba, ya koma kan bencinsa yana murmushi.

Sai dai farce jeri yake yi, ba ya ba da lamba, kuma lambar ce ta tona mana asiri. Gaskit na zamani, mai faifan ƙarfe hawa-hawa, ba ya yafe kaushi kamar tsohon gaskit mai taushi da yake nutsewa ya cike ramuka. Masu yinsa sukan nemi Ra 30 ko ƙasa. Na'ura ta nuna 1.6, yaron da ke kan injin sharewa ya ce to ai mun wuce gona da iri, ina 1.6 ina 30. Na kusa yarda. Sai da na sake dubawa na gane 30 ɗin nan awon Amurka ne, kashi ɗaya cikin miliyan na inci, wanda a maikiron bai kai 0.8 ba. Namu 1.6 kuwa ya kai 63 a nasu lissafin. Mun ninka abin da ake so har da ɗoriya. Allah kaɗai ya san gaskit nawa suka ƙone muka ɗora wa direbobi laifin barin mota ta yi zafi.

Mun sauya haƙorin yanka, mun rage saurin tura teburi. Kan alminiyam na farko bayan gyaran ya ba da 0.7.

Wani abu kuma: dole allura ta ratsa sawun yanka, ba ta bi shi ba. Na gwada bin sawun don in gani, lamba ta faɗo ƙasa da rabi. Mai son cuta da na'ura ma zai iya.

12 ga Nuwamba

An ɗauke wuta, aka tayar da janareta, lambobi suka haukace. Abu ɗaya, wuri ɗaya, 0.7 ya koma 0.9, ya koma 1.1. Bencin ne ke rawa. Na kwashe kayan awo na koma ɗakin ajiya na baya, kan wani tsohon teburin ƙarfe mai nauyi. Daga yau ba a awo in ana buga guduma ko injin garandin na aiki.

19 ga Nuwamba

An sauke injin Homar, bulok ya zo hannuna. Silinda huɗu, cikinsu sai sheƙi kamar an wanke faranti. Alhaji da ya leƙa ya ce, "To ai ga shi nan sumul, ina matsalar?" Na ce, "Ranka ya daɗe, sumul ɗin ne matsalar."

Ra ya fito 0.12 zuwa 0.15. Sawun honin (gugar cikin silinda da dutse bayan borin), wannan zanen gicciye da ya kamata a gani a bangon silinda, sai an haska tocila an karkata kai ake hango inuwarsa. Da na matsa wa yaran da tambaya sai ɗaya ya faɗi gaskiya: bayan honin sukan naɗa samfefa mai laushi su bi cikin silindar har ta yi ƙyalli, saboda masu mota sun fi son su ga abu na walƙiya. Ba mugunta ba ce, gwaninta ce ta yi yawa. Ni ma na sha ganin suna yi ban taɓa hanawa ba.

Bangon silinda ba madubi ake so ya zama ba. Abu biyu ake nema a wurinsa waɗanda kamar ba sa haɗuwa: sama ya zama shimfiɗaɗɗe don ringi ya samu wurin zama, ƙasa kuma a bar ƙananan kwaruruka da za su riƙe mai. In ka goge kwarin, mai ba shi da maɓoya, ringi ba zai ci bango ya zauna ba, sai ya yi ta sulɓi a kai, mai na haurawa sama yana ƙonewa. In kuma ka bar tsinin tudu, su za su cinye ringin tun bai yi ƙwari ba.

Ra ba ta san wannan bambancin ba. A wurinta tudu da rami duk ɗaya ne, kaucewa ce daga layi. Ka kifa fatar ƙarfe, tudu ya koma rami, Ra ba za ta motsa ba. Shi ya sa masu ƙera injuna suke amfani da wasu lambobi uku, kuma na yi sa'a tamu na'urar tana fitar da su: Rpk na tsinin da zai gurje da wuri, Rk na tsakiyar da za ta ɗauki nauyi tsawon rayuwar inji, Rvk na zurfin kwarin mai. Tushensu wani zane ne da Abbott da Firestone suka fito da shi a Jami'ar Mishigan a 1933, wanda ke nuna in kana yanke fatar daga sama kaɗan-kaɗan, kashi nawa na ƙarfe ne zai taɓa abin da ke gogarsa. Jamusawa suka mai da shi ƙa'ida, daga baya ya shiga ƙa'idar duniya ta ISO 13565.

Rvk na Homar bai kai 0.3 ba. Na kai wa Maigida takardar. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce a kira Alhaji a gaya masa aikin na wuyanmu.

27 ga Nuwamba

Mako guda muna ɓarna a kan wani mataccen bulok da aka yasar a bayan shago, don kada mu koyi aski a kan maraya.

Gwaji biyu ne suka fi tsaya mini a rai. Silinda ta farko mun yi ta da dutse ɗaya, lamba 320, daga farko har ƙarshe. Ta biyu muka fara da mai kaushi, 220, don ya haƙa kwari, sannan muka bi da 400 'yan shiga da fita kaɗan, kawai don a aske kawunan tudun. Sakamako:

Ta farko: Ra 0.47, Rpk 0.55, Rk 1.45, Rvk 0.70.
Ta biyu: Ra 0.43, Rpk 0.20, Rk 0.85, Rvk 1.60.

Wanda ya tsaya a Ra zai ce tagwaye ne. Alhali ta farko tsini ne ya yi mata yawa, mai kuma ba wurin zama, ta biyu ita ce abin da ake nema. Na rufe lambobin da hannu na kira Baba. Ya shafa wannan, ya shafa waccan, ya ce ta farko "tana cizo," ta biyu kuma "ta kwanta amma tana da ciki." Ban san yadda za a fassara Rpk da Rvk da Hausa fiye da haka ba.

Wahalar tana wurin dutse na biyu. Shiga huɗu ko biyar ya isa. Da muka kai goma sha biyu, Rvk ya zube, muka koma gidan jiya. Hannu yana son ya ci gaba saboda abin yana ƙara kyau a ido, dole sai mutum ya ƙirga da baki ya tsaya.

Sai kusurwar gicciyen. Ana son inda layukan suka haɗu ya kai digiri 45 ko kusa, kuma abin da ke kawo shi shi ne daidaita saurin juyawa da saurin hawa da sauka. Ba mu da abin auna wannan, sai na manna farar leda mai gani-har-hanji a bangon, na bi layi biyu da biro, na ɓare, na auna da abin auna kusurwa na cikin akwatin lissafin ƙanena. Na farko ya fito 25, ya kwanta da yawa. Muka rage juyi, muka ƙara saurin hannu.

3 ga Disamba

An yi wa bulok ɗin Alhaji sabon borin, an ƙara rabin milimita, abin da muke kira tuwanti. Honin hawa biyu. Kowace silinda na auna ta sama, tsakiya da ƙasa, duk sun shiga inda muke so.

Wanki ma sai da muka yi rigima. Yaran sun saba da fetur. Fetur yana ɗauke maiƙo amma yana barin garin dutse a cikin kwarin, wannan garin kuwa shi ne zai zama samfefa a cikin inji. Ruwan zafi da omo da buroshi, a yi ta yi har farin ƙyalle ya shiga ya fito fari, sannan a shafa mai nan take kafin tsatsa ta kama. Ga hunturu ya shigo, hazo ya rufe gari, abin da ka goge yanzu kafin ka juya ya yi fari da ƙura. Ƙwayar ƙura ɗaya a gaban allura ta isa ta haifar da tudun da babu shi. Yanzu kowane awo sai na goge wurin, kuma na'urar a akwatinta take kwana.

9 ga Disamba

Karanshaf. Inda metal, wato ɓawon ƙarfen da karanshaf ke juyawa a cikinsa, ke zama ana son Ra ya sauka 0.25 ko ƙasa. Daga dutsen garandin namu yana fitowa wajen 0.5, bayan gogewa da bel 0.2. Nan ba mu da laifi.

Baba yana da nasa gwajin: wani tsohon kwabo na jan ƙarfe da yake ajiye a aljihu. Zai goga shi a wurin, in ya bar jan sawu, da saura. Na gwada shi da na'ura, kwabon bai yi ƙarya ba.

Amma ya koya mini abin da allura ba ta gani. Karanshaf na kas, wato ƙarfen zubi, irin wanda gawayin cikinsa yake dunƙule-dunƙule, in aka yi masa garandin yakan bar wasu ƙananan ɓurɓushin ƙarfe a bakin kowane dunƙule, duk sun karkata gefe guda kamar gashin jikin akuya. In ka shafa ta inda suka kwanta, lafiya. In ka shafa ta baya sai su miƙe su yi ta yagar metal. Don haka wajen gogewar ƙarshe dole karanshaf ya juya ta inda zai juya a cikin inji. Na goge ɗaya daidai, ɗaya a juye, na auna: 0.19 da 0.20. Na zana kibiya da fenti a jikin injin gogewa don kada wani ya manta.

16 ga Disamba

Labari ya kai Sharaɗa cewa muna da na'ura. Wani mai kula da injuna a wata masana'antar roba ya kawo mol, wato mazubin da ake ɗura narkakkiyar roba a ciki, na murfin kwano mai garai-garai. An goge shi har yana ɗaukar ido, amma murfin in ya fito sai ka ga haske na rawa a jikinsa kamar ɓawon lemo. Yana so ya san ko gugar ce ba ta kai ba.

Nan na tafka kuskuren da har yanzu in na tuna sai in ji kunya. Na ɗora allura a tsakiyar madubin na danna. Ta gama tafiya, na ɗaga, sai ga wani siririn layi, da wani dusu-dusu a gefensa inda takalmin ya bi. Ƙarfen P20 ne, ba shi da taurin da zai jure daimon. A silinda wannan layin ba a ma ganinsa. A mol kuwa duk abin da ke jikin ƙarfe sai ya fito a jikin roba, murfi dubu nawa aka buga, layina na kan kowanne. Mutumin ya dube ni, ya dubi layin, ya ce, "Malam, awo na kawo ko zane?" Na ba shi haƙuri, na ce gyaran na kaina.

Abin haushin, lambar da na saya da wannan tsadar ba ta ce komai ba: Ra 0.04. Masu mol suna da matakan santsi na Amurka da ake kira SPI. D feshin yashi ne, C gugar dutse, B ta samfefa, A kuma ta man daimon, A-3 zuwa A-1 wanda shi ne madubi na gaske. 0.04 ya faɗa cikin A-2. A takarda mol ɗin nan ba shi da aibu, ido kuwa yana ganin aibun daga nesa.

Dalilin shi ne rariyar nan. Ga abu mai santsi haka ƙa'ida ta ce a sauko da ita 0.25, ɓawon lemo kuwa tudu ne masu faɗi, marasa tsini, da suka fi haka tsawo, sai a tankaɗe su waje. Na buɗe rariyar zuwa 2.5 a gefen da ba ya taɓa roba, nan ma kusan shiru, saboda takalmin da na raina yana hawa tudun tare da allurar, su hau tare su sauka tare, ba wanda ya ga wani ya motsa. Irin wannan sai na'ura marar takalmi, ko ta haske wadda ba ta taɓa ƙarfe sam. Ba kuɗinmu ba ne.

22 ga Disamba

Kwana huɗu a kan mol. Ɓawon lemo ba ƙarancin guga ke kawo shi ba, yawanta ne: an danne da ƙarfi, an daɗe da man daimon a kan abu mai taushi, sassan ƙarfen da suka fi laushi suka lotsa. Ƙara guga ƙara lalacewa. Sai da muka koma baya zuwa dutse 600 muka baje fuskar, da layina da ɓawon duk suka tafi, sannan muka hau samfefa mataki-mataki. Kowane mataki a sauya fuskar guga don a ga sawun na baya ya ɓace, a wanke tas kafin a ɗauki na gaba, don ƙwaya ɗaya ta mai kaushi in ta bi ka gaba ta rusa aikin yini. Daimon daga ƙarshe, hannu sakwa-sakwa, ba daɗewa. Mun toshe tagar ɗakin da jiƙaƙƙen buhu saboda ƙura.

Awon da ya yi aiki a nan ba na allura ba ne. Takarda mai layi-layi na riƙe a gaban mol ina kallon hotonta a ciki. Da, layukan karkace suke kamar an gan su a cikin ruwan kwano. Yanzu sun miƙe. Ra a ɗan guntun ƙarfen da muka goge tare don gwaji: 0.04, yadda yake tun farko.

8 ga Janairu

Direban Homar ya biyo da safe, ya zaro sandar mai ya nuna mini. Mako biyar, bai ƙara ko ludayi ba, bututun hayaƙi a bushe. Mai mol ma ya aiko da murfi biyu a leda, garau.

Na buga takarda na manna a bango: kan inji Ra 0.8, karanshaf 0.25, silinda kuma lambobi uku, ba Ra ba. Na ƙara da dokar da na tsinta a ISO 4288, cewa cikin awo shida na farko kada fiye da ɗaya ya haura iyaka. Na ga an ce ISO 21920 ta maye gurbinta tun 2021, amma tamu na'urar da tsohuwar ta san aiki, da ita za mu ci gaba.

Abin da ya rage: farantin gwajinmu mai 2.97 kaushinsa ya yi yawa, ko tsinin allura ya dakushe zai iya ba da lamba daidai. Ana bukatar mai laushi, wajen 0.4, don a gane lafiyar tsinin, na sa a tambayo mana kuɗinsa a Legas. Sai kujerun bawul da sandar kam, waɗanda ban taɓa ɗora wa allura ba. Baba ya ce in kawo su gobe da safe, amma shi zai fara shafawa, in rubuta abin da ya ce kafin in kunna.